Shin soda ce maganin bahon wanka idan ruwa ya daina wucewa da sauri?

Uwargida, Unguwar Rimi: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakana cewa idan ruwa ya fara kwanciya a baho, babu abin da ya kai a zuba soda, irin wadda masu haɗa sabulu ke saye a kasuwa, a bi ta da tafasasshen ruwa. Gashi ne da daskararren sabulu ke toshe bututu, soda kuwa tana cinye su.

Mai gyaran famfo, Tudun Wada: Hajiya, ban musa cewa soda tana cin gashi ba, amma yawancin gidajen Kaduna bututun roba aka sa musu, wanda ba a yi shi don ruwan da ya haura digiri 60 ba. Tafasasshen ruwa yana kusan digiri 100, ga kuma zafin da sodar ke fitarwa idan ta haɗu da ruwa, don haka bututu yakan yi laushi, mahaɗarsa ta saki, ruwa ya koma tsatsafowa cikin bango. Gashin kuma ba nisa yake yi ba; yana maƙale ne a ƙarƙashin murfin ramin ko a lanƙwasar da ke riƙe ruwa don tare wari. A cire murfin, a lanƙwasa bakin waya, a zaƙulo shi, sannan a toshe ramin sama, wanda ruwa ke bi idan baho ya cika, da jiƙaƙƙen tsumma, a danna robar nan mai sanda ta buɗe toshewa a kan ramin ƙasa.

Malamin kimiyya, Barnawa: Ina goyon bayan mai gyaran famfo, kuma abin da ya fi damuna shi ne haɗe-haɗe. Wanda soda ba ta yi masa aiki ba sai ya ƙara da ruwan batir, abin ya tafasa ya fantsamo masa a ido, ko ya haɗa ruwan batir da bilic, iskar kulorin ta tashi a banɗaki mai ƙaramar taga.

Uwargida: Malam, ai ban ce a haɗa komai ba. Kuma ba kowace mace ce za ta iya jure janyo wannan ƙazantar da waya ba. Ni na sha zuba soda, hanya ta buɗe.

Mai gyaran famfo: Ta buɗe ne saboda toshewar ba ta yi tsanani ba, Hajiya. Idan yashi ne ya taru, soda ba ta narkar da shi, sai ta tsaya a bututu tana jiran hannun wanda zai kwance shi. Idan kuwa ruwa na jinkiri a baho da kicin lokaci guda, musamman a watan Agusta da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, to a leƙa sokawe tukuna.

Uwargida: Batun sokawe na yarda, amma sodata tana nan a ajiye.

Mai gyaran famfo: To, ranar da kika kira ni, ki fara gaya mini kin zuba ta, in zo da safar hannu da tabarau.