RPG na gaske ya ƙare tun zamanin faifai uku

Baban Hanan: Jama'a ku bari in fitar da abin da ke cina. Jiya da daddare na goge wani sabon gem na RPG, irin wanda kake zama jarumin labari kana ƙara masa ƙarfi, bayan na ɓata masa awa 40, ko a jikina. Ba zan kama suna ba, kar masoyansa su taso mini. Kana farawa ga kibiya a kan taswira tana nuna maka inda za ka, ga jerin aiki a gefe, ga wani yana ta maimaita maka hanya kamar ɗan jagora. A 1997 da muka samu Final Fantasy VII a PlayStation, mai faifai 3, in ka ɓata sai ka bi mutanen gari kana tambaya ɗaya bayan ɗaya. Morrowind na 2002 kuwa kwatance kawai za a rubuta maka, ka nemi kogon da kanka. RPG na gaske ya ƙare. Yanzu ɗan aike ake mai da mutum.

Sadi Mai Kwamfuta: Yallaɓai, "na gaske" kamar yaya? A Final Fantasy VII me ka taɓa zaɓa? Jarumi ɗaya, Cloud, aka ba ka, labari ɗaya, ƙarshe ɗaya. Fim ne mai tsawo da ake bari ka danna maɓalli. Asalin RPG ai Dungeons & Dragons ne na 1974, wasan tebur da takarda da ɗan ludo, kai ke ƙirƙirar jaruminka. Wanda ya bi wannan layin shi ne na gaske, kamar Baldur's Gate 3 na 2023.

Maman Ilham: Malam Sadi ka ji tsoron Allah. Fim? Wato Dragon Quest da ya fito tun 1986, da Chrono Trigger na 1995, duk fim ne? Chrono Trigger ɗin ma ƙarshensa ya fi goma, in dai zaɓi kake nema. Kuma faɗan karɓa-karɓa, inda kowa ke jiran layinsa kafin ya kai hari, da kuka daɗe kuna yi wa Japanawa dariya a kai, shi ne dai a Baldur's Gate ɗin naka.

Sadi Mai Kwamfuta: Hajiya ni ban yi maganar faɗa ba, maganar zaɓi na yi.

Maman Ilham: Ka yi a bara, na riƙe.

Khalifa: Gaskiya ku manya kuna da matsala. Elden Ring na 2022 ba jerin aiki, ba mai riƙe maka hannu, kai ke gina jaruminka tun daga tushe. In wannan ba na gaske ba ne, to wanne ne?

Baffa Lawi: Ƙanena, wannan ba RPG ba ne, awon hawan jini ne. Mutum ya kwana uku Malenia, wata babbar abokiyar gaba a gem ɗin, tana yanka shi, ya zo yana cewa ya ji daɗi. Ina labarin? Sai ka karanta bayanin takobi da na zobe kafin ka gane me ake ciki.

Khalifa: Baffa faɗi gaskiya, a bos na farko ka tsaya.

Baffa Lawi: Ina riƙe da pad tun ba a yi auren iyayenka ba.

Nusaiba: To ni Pokémon ce ta shigo da ni harkar nan, a Game Boy ɗin yayana. Akwai lebul, akwai tawaga, akwai karɓa-karɓa. Ita ma ba ta gaske ba ce?

Sadi Mai Kwamfuta: Kiwo ne wannan, ƙanwata.

Maman Ilham: Kin gani ko? Duk abin da ya fito daga Japan sai ya sami sunan da zai laƙaba masa. In lissafin lebul da kayan yaƙi ba su sa gem ya zama RPG ba, to ku cire Diablo ma daga naku.

Baffa Lawi: Ni ma'aunina ɗaya ne: wanda ya taɓa zuciya. Ranar da Sephiroth, mugun Final Fantasy VII, ya sauko ya soke Aerith, ɗaya daga cikin tawagarka, a ƙarshen faifan farko, na ajiye pad na yi shiru kusan minti goma. Wane gem na yanzu ya taɓa yi wa wani haka?

Khalifa: Haba Baffa! Haba! Satin nan na fara Remake, Final Fantasy VII ɗin da aka sake ginawa, ko birnin farko, Midgar, ban fita ba. Me ya sa za ka ɓata mini?

Baffa Lawi: Gem ɗin ya girme ka. Abin da duniya ta sani tun 1997 ne zan ɓoye?

Nusaiba: Gaskiya Baffa ba ka kyauta ba. Sai ka ce "wata ta mutu", ya wadatar.

Maman Ilham: Kuma Khalifa kar ka damu da fita Midgar, Remake na 2020 duk a cikinta yake ƙarewa.

Khalifa: Ke ma Anti? Shi ke nan, na tafi.

Baban Hanan: Jama'a ni fa maganar kibiya na kawo.

Isiyaku: Babban yaya, a Skyrim na 2011 kana iya kashe kibiyar. Matsalar ita ce in ka kashe ba ka da madafa, don masu ba ka aiki ba sa yi maka cikakken kwatance, an gina gem ɗin ne da tunanin kibiya na nan. Shi ne bambancinsa da Morrowind, kuma kamfani ɗaya ne ya yi su, Bethesda.

Sadi Mai Kwamfuta: Skyrim ma sai a kwamfuta yake zama na gaske, inda za ka ɗora masa gyare-gyaren da kake so. Masu PlayStation sai haƙuri.

Baffa Lawi: An zo wurin. Dama tallan kwamfutarsa ya zo yi.

Admin Garba: To, an rufe haka, ga taƙaitawa. Baban Hanan ya ce RPG na gaske ya ƙare, kuma mafi yawanmu mun yarda cewa na Japan na shekarun 1990 ba a sake yin kamarsu ba. Maman Ilham ta kawo hujjoji masu ƙarfi da ba wanda ya iya karyawa. Malam Sadi ya yi ƙoƙari, amma har yanzu bai amsa maganar Chrono Trigger ba. Khalifa ya yi fushi kan abin da bai kai ya kawo ba, muna jiransa ya dawo. Wanda bai buga Final Fantasy VI ba ya je ya buga kafin ya sake sa baki, don ni a wurina ya ma fi VII.

Sadi Mai Kwamfuta: Admin, "mafi yawanmu" su wa? Ku uku ne, kuma hotonka ma Cloud ne.