Bayan ciwo, sai aka ce Hausarsa ta zama gwaranci

Daga Kano: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da mahaifinmu ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki na dama. Ƙafa ta warware, hannu ma da sauƙi, amma harshensa ya yi nauyi har ba ya iya fitar da ƙ da ɗ da ts yadda ya saba, ta yadda in ya ce "tsaya" sai a ji "saya". Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ranar da wani yaron shago, a kasuwar da ya yi shekara talatin yana sayar da atamfa, ya dube shi ya ce, "Baba, ku mutanen ina ne?" Tun daga ranar ya daina zama a majalisa. Ko akwai wanda ya ga irin wannan?

Daga Zariya: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ni kaina abin ya same ni bayan haɗarin babur. Sautin maganata ne ya rikice, hawa da saukar murya suka daina zuwa inda ya kamata, sai dangi suka yanke cewa aljani ne yake magana ta bakina da wani yare. An yi mini ruƙiyya wata uku kafin a kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam, abin da ka bayyana ya yi kama da lalurar da Pierre Marie, likitan Faransa, ya fara rubutawa a 1907, wadda ake jin maganar mai ita kamar ta baƙo a harshen uwarsa, alhali bai koyi wani sabon yare ba. A 1941 ɓaraguzan bam suka raunata wata mata a ka a Oslo ta ƙasar Norway, maganarta ta koma kamar ta Bajamushiya a daidai lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar, har masu shaguna suka riƙa ƙin sayar mata da kaya.

Daga zangon Kumasi: Hajiya mai tambaya, a nan yawancinmu "kasa" muke cewa ba "ƙasa" ba, kuma babu mai ɗaga kai. Kawuna ya yi irin ciwon Baba, amma ba wanda ya lura da ƙ ɗinsa, jinkirin maganarsa kawai ake haƙuri da shi. Sai da ya kai ziyara Katsina wurin 'yarsa ne yaran unguwa suka bi shi suna kwaikwayonsa, ya dawo ya ce ba zai sake zuwa ba sai dai ita ta zo.