Na kama uwar tururuwa bayan ruwan jiya, a ina zan ajiye ta?

Ɗan Birni

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya da la'asar ruwa ya sauka a Damagaram, shi ne mai ƙarfi na farko a bana, har ya yi gudu a lungunanmu na Birni. Da safe na fito zan tafi shago sai na ga wata ƙatuwar tururuwa tana sauri a gindin katanga. Ta fi waɗanda muka saba gani girma nesa, ƙirjinta a cike, ba ta da fiffike amma ana ganin tabon inda suka fita. Na sa ta a kwalin ashana. Tun bara nake son in yi kiwon gidan tururuwa daga uwa ɗaya, in ga yadda ake kafa shi tun daga tushe, to ga ta ta zo hannu ban shirya komai ba. Sai zagaye take cikin kwalin, na jefa mata sukari ko kallo bai ishe ta ba. Duk wanda ya taɓa yi ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa, wanda tasa ta rayu da wanda tasa ta mutu, duka ina so in ji.

Mai Labo

Wa alaikumus salam. Ƙanena, fitar da ita daga kwalin nan yau-yau. Kwali a bushe yake, ita kuwa ƙishirwa ce ke kashe ta tun kafin yunwa.

Ni aikin gwajin jini nake yi, shi ya sa da kwalbar gwaji na fara. Ka samu siririya mai tsawon kamar santimita 15, ka zuba ruwa mai tsabta kashi ɗaya cikin uku. Ni na leda nake sawa, saboda na famfo in ya daɗe bai zo ba yakan taho da laka. Ka dunƙula auduga ka tura ta da tsinke, da sauri, har ta dafe ruwan. So ake ta jiƙe amma kada ruwa ya ɓullo ta wannan gefen. Sai ka sa uwar, ka toshe bakin da busasshiyar auduga don iska ta riƙa shiga, ka naɗe kwalbar da baƙar takarda, ka kwantar da ita. Kada ka ji tausayinta don wurin ya yi ƙanƙanta. A daji ma ɗan rami take tonawa ta rufe kanta ciki, fili mai faɗi tsoro yake ba ta.

Ga inda na yi asara: kwalaben ɗibar jini masu murfi mai launi, yawancinsu akwai magani a ciki, wani na hana jini daskarewa ne. Biyun da na fara kamawa a ciki na sa su, kwana biyu suka mutu. In ba ka samu kwalba mara komai ba, ka sayi sabon sirinji na mililita 20 a farmasi, ka cire allura da abin turawa, ka toshe ɗan bakin da narkakken kyandir, shi ma yana yi.

Malamin Lekol, Tudun Jamus

Kafin komai ka tabbatar tururuwa ce ba shinge ba. Bara na sa ƴan ajina su kawo mini, rabin abin da suka kawo shinge ne da ya zubar da fiffike, don su ma bayan ruwa suke tashi. Shinge gara ce: jikinta a miƙe yake babu ƙugu, ƙahonnin kanta a miƙe, fiffikenta huɗu tsawonsu ɗaya, kuma in sun sauka za ka ga biyu suna bin juna, mace gaba namiji baya. Tururuwa kuwa ƙugunta a tsuke yake kamar an ɗaure da zare, ƙahonninta a lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Namijin tururuwa ƙarami ne, ɗan kai da manyan idanu, bayan barbara ba ya daɗewa yake mutuwa, kada ka wahalar da kanka da shi.

Yadda ka siffanta taka, uwa ce, kuma zubar da fiffiken alama ce mai kyau cewa an barbare ta. Sau ɗaya take wannan tashi a rayuwarta, abin da ta samu ranar shi take ajiyewa a jikinta tana haihuwa da shi har ta mutu.

Batun sukari, cire shi. Tururuwarmu mai jan hatsi, wadda masana ke kira Messor, uwarta ba ta cin komai har sai ƴaƴan farko sun fito. Naman ƙirjin nan da ya kaɗa fiffike, tunda aikinsa ya ƙare, narkewa yake a jikinta, da shi da kitsen da ta taho da shi daga gidan uwarta take ciyar da tsutsotsin ta baki. Wani lokaci ma takan yi ƙwai na musamman don su ci. Abincin da ka sa a kwalba fumfuna kawai zai jawo.

Baba na Mirya

Jikana ke rubuta mini wannan. Ƴaƴana, ni ban yarda da kwalba da auduga ba. Abin da Allah ya halitta cikin ƙasa a ba shi ƙasa. Yaron nan da ke rubutu ya kama ɗaya damina biyu da suka wuce, na ce ya ɗebo ƙasar gona mai ɗan jigawa ya cika kwalbar mayonez rabi, ya yayyafa ruwa. Muna kallo ta tona ta shige, ta rufe bakin ramin. Wata biyu ba mu ga komai ba, har ya ce ta mutu, na hana shi tonawa. Wata safiya sai ga ƴan ƙanana sun buɗe ƙofa suna fito da ƙasa.

Kuma ku san abin da kuke riƙe da shi. A yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari, na ga mata da idona suna fita da galma da ƙwarya suna tona gidan tururuwa, su kwashe tsabar da ta tara, su sheƙe su kai gida a dafa wa yara. Rumbu ne sosai a ƙarƙashin ƙasa, ɗaki-ɗaki, kuma tsabar a bushe take. Tun daga lokacin ba na taka layinsu in na gani a gona.

Mai Labo

Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka ce, a ƙasa suna kafuwa. Ni ma na gwada sau ɗaya. Abin da ya sa na bari shi ne ba ka ganin abin da ke ciki, ba ka san ko ruwan ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Tawa na ƙara mata ruwa a zatona ƙasar ta bushe, ashe can ƙasan kwalbar ya taru, ramin ya rufta da ita. A kwalbar auduga danshin ɗaya ne dare da rana, ita ke matsawa kusa ko nesa yadda take so. Amma maganarka ta hana tonawa, wannan kam ita ce maganar.

Uwar Biyu, Sabon Gari

Sannunku. Ni ba ni na yi ba, babban ɗana ne, amma a ɗakina aka yi komai, don haka na gani. Uku muka rasa kafin ta huɗu ta zauna.

Ta farko son da yake mata ne ya kashe ta. Ya dawo daga lekol ya buɗe, ya ci abinci ya buɗe, abokansa su zo ya haska musu da fitilar waya. Ta yi ƙwai tara masu kyau, farare, ta tara su wuri ɗaya. Ranar da ya ɗaga kwalbar yana juyawa don ya ƙirga, washegari babu ko ɗaya, ta cinye abinta. Ta sake yin kaɗan, ta sake cinyewa, daga nan ƙarfinta ya ƙare. Yaron ya yi kuka sosai, ni ma abin ya taɓa ni, domin kana ganinta ka san a firgice take.

Ta biyu zafi ne. Ɗakinmu rufin kwano ne, ya ɗora ta a saman kabad, can kusa da kwanon. Kun san garin nan, in rana ta buɗe tsakanin ruwa da ruwa ɗaki kamar tanderu yake. Da yamma muka tarar gumi ya lulluɓe cikin kwalbar, ita kuma ta miƙe. Ta uku kuwa maƙwabta suka yi feshin fiya-fiya saboda sauro, tagarmu a buɗe. Igiyar leko ma kada a kunna a ɗakin da take.

Wurin da ya yi mana daidai shi ne gindin randa. Akwai rairayi mai danshi inda randar ke zaune, wurin da sanyi ko da tsakar rana, kuma da duhu. Sai dai kiyashi ma suna son wurin, kuma in suka samu hanya ta audugar baki sai su taru su kashe ta su kwashe ƙwan. Abin da na yi, na zuba ruwa a faranti, na kifa ƙaramin kofi a tsakiya, na ɗora akwatin da kwalbar ke ciki a kai. Kiyashi ba sa ƙetare ruwa. Na kuma yanka masa doka: Juma'a kawai, bayan an sauko daga masallaci, minti ɗaya, ba fitila.

Ɗalibi a jami'a

Yaya Ɗan Birni, ni na rubuta nawa a littafi. Na kama ta a watan Yuli na bara a hanyar Tanut. Kwana uku ta fara ƙwai. Wajen mako biyu suka zama tsutsotsi. Daga baya suka sandare, farare, da siffar tururuwa amma ƙafafu a naɗe, suna yin duhu a hankali. A mako na shida ta farko ta miƙe. Biyar suka fito a zubin farko, ƙanana ƙwarai, ba su kai rabin waɗanda ake gani a waje ba. Kada wannan ya dame ka, uwar da ɗan abin da ke jikinta ta raine su. Masu manyan kawunan nan sai gida ya yi ƙarfi suke zuwa.

Sai sun fito za ka fara ba da abinci. Ni riɗi na fara ba su, ƙwaya biyu, da gero da na ɗan farfasa don haƙoransu ba su da ƙarfi tukuna. Taruwa suke suna tauna shi har ya zama kamar ƙullu, shi suke ci suna ba tsutsotsi. Ka sa a busasshen gefe, in ya taɓa audugar ruwa tsirowa yake. Kada ka kuskura ka ba su irin shuka da aka gauraya da magani, ko hatsin da aka sa wa ƙwayar adanawa a buhu. Lokaci-lokaci ɗan guntun fara yana ƙara musu haihuwa. Da hunturu sun rage motsi, ƙwai ya ja baya, da zafi ya dawo suka ci gaba.

Kuma kada ka ajiye su kusa da rediyo ko bangon da ke jin injin niƙa, irin wannan tururuwar ba ta son jijjiga ko kaɗan.

Malam na Garin Malam

Ina karanta ku tun farko. Abu ɗaya zan ƙara. Halittar nan sura guda ke ɗauke da sunanta a Alƙur'ani, kuma tana cikin waɗanda aka hana mu kashewa haka kawai. Mun kuma san labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya rufe rai a kwalba ya ɗauki amanarsa, kuma ba ta kwana biyu ba ce: an samu uwar wata irin tururuwa a Jamus da ta yi kusan shekara 29 a hannun mai kiwonta. Ɗana, in ka san za ka yi tafiya ko sha'awar za ta wuce, mayar da ita gindin katangar tun ƙasa na da laushi. Kuma na ji wasu yara suna tona tsohon gida don neman uwa. Wannan ɓarna ce, gida duka ake kashewa, uwar ma tana can ƙasa sosai, da wuya a kai gare ta da rai.

Ɗan Birni

Ƴan uwa, yau mako bakwai ke nan, na dawo da labari. Na bi hanyar Yaya Mai Labo da sirinji, na ajiye a gindin randar Innarmu bisa faranti kamar yadda Hajiya Uwar Biyu ta ce. Juma'a-Juma'a nake dubawa. Akwai makon da na ga ƙwan sun ragu, hankalina ya tashi, amma na rufe na tafi. Shekaranjiya na buɗe sai ga uku suna yawo, jikinsu bai gama yin baƙi ba, ɗaya tana lasar uwar. Na kira Inna ta zo ta gani, ta daɗe tana kallo tana tasbihi. Na sa musu riɗi biyu, kafin in rufe har ɗaya ta ja nata ta kai ciki. Malam, na ji maganarka kuma na ɗauka. Baba, a gaishe da mutanen Mirya.

Tambayata yanzu: audugar ta fara yin baƙi-baƙi kuma ruwan ya kusa rabi. In sauya musu gida babba?

Mai Labo

Masha Allah, barka. Gida babba tukuna, sai sun kai ashirin ko talatin. Ɗan baƙin auduga ba komai ba ne in bai yi gashi ba. In ruwan ya kusa ƙarewa, ka haɗa sabon sirinji kamar na farko, ka haɗa bakinsu biyu ka naɗe da salatif, ka huda ƴan ƙofofi da allura don iska. Ka rufe sabon da baƙar takarda, ka bar tsohon a haske. Kada ka girgiza, kada ka zazzage. Nawa kwana huɗu suka yi kafin su kwashe tsutsotsin, uwar ce ta ƙarshen shiga.