"Wa ya aiko ku?"

Mai tambaya: 'Yan'uwa, ran Asabar mun fita bishara wani ƙauye. Wata tsohuwa tana surfen dawa ta ce, "'Yar nan, wa ya aiko ku?" Na ce fasto. Amsar nan ta hana ni barci.

Wani ɗan'uwa: Fasto ma aikakke ne. Duba Matiyu 28:18-20. Yesu ya fara cewa dukkan iko a sama da ƙasa nasa ne, sannan ya ce ku je.

Wata baba: Kada dai ki raina ikkilisiya, 'yata. A Ayyukan Manzanni 13, Ruhu Mai Tsarki ya kira Barnaba da Shawulu, amma 'yan'uwa a Antakiya suka yi azumi, suka ɗora musu hannu.

Mai tambaya: Na gode, Mama. Jibi zan koma, in taya ta surfen.