Neman Kalma: Me Za Mu Kira "Cuisine" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan wata kalma ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta gabanku. Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta zo gida Mabera da wata takarda tana fassarawa, ta ci karo da kalmar cuisine, ta ce, "Yaya, kai da ka zauna waje, me ake ce ma wannan?" Na buɗe baki zan ce abinci, sai na ji bai cika ba. Na riga na tambayi wasu daga cikinku, har da wata Hajiya da wani Malam, sun kawo shawarwari da gyara, zan amsa musu a nan.

Kalmar ta Faransanci ce, Ingilishi ma aro ya yi. A bakin masu ita, ma'anarta ta farko ɗakin girki. Daga nan ta faɗaɗa, ta koma nufin duk abin da wata al'umma ta saba dafawa da ci: kayan haɗin, hannun girkin, lokacin cin, har da yadda ake zama a ci.

Ni a Malesiya na san abin, tun ban nemi sunansa ba. Shekara 4 na yi ina aiki a Kuala Lumpur. Watannin farko kuka da busasshiyar kuɓewa da yajin da Inna ta ƙulla mini su suka riƙe ni. Abin da ya ƙare in nufi kasuwar Chow Kit in nemo makamancinsa. Ƙin cin abincin gari ba maganar halal ba ce, ƙasar Musulmi suka fi yawa, hanci ne ya ƙi. Kullum da yamma wani wari kan taso daga gidan maƙwabcina, in tashi in rufe taga.

Maƙwabcin nan dattijo ne, sahu ɗaya muke salla. Ran nan bayan Magariba ya kama hannuna har gidansa, ya sa aka kawo mini tushen warin in gani: wani dunƙule mai ruwan ƙasa, a matse kamar sabulun salo. Sunansa belacan. Ƙananan jatan lande ake zuba wa gishiri, a bar su su ruɓa daidai gwargwado, a shanya, a daka, a dunƙule. In za a yi amfani da shi sai an gasa ɗan gutsure a wuta, a nan warin yake tashi. Na kai shi hanci, sai ga ni a tsakar gidanmu ranar da ake shanyar daddawar batso. Ashe daddawarsu ce. Mu kalwa da 'ya'yan sure muke ruɓarwa, su da teku ya kewaye su sai suka ruɓar da abin da teku ya ba su. Na yi tunanin baƙon da zai shigo Sakkwato ya toshe hanci don an buɗe daddawa, alhali ba ta cikin miya ba a ce an yi miya ba.

Daga ranar na fara cin na gari. Nasi lemak da safe: shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, a ƙunshe cikin ganyen ayaba, gefe ga miyar barkono mai suna sambal wadda belacan ɗin nan yake ciki, ga soyayyar gyaɗa, ga ƙananan busassun kifi, ga rabin ƙwai da yankan kokwamba. Satay kuwa ɗan'uwan tsire ne, sai dai mu ƙuli muke barbaɗawa, su miyar gyaɗa suke tsomawa. Mai shayinsu ma haka yake ɗaga kofi sama ya tsiyayo cikin wani har ya yi kumfa, kamar namu na bakin tasha. Teh tarik suke ce masa, wato shayin da aka ja. A 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa al'adar karin kumallon Malesiya cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. To ka ga abin da kalmar take ɗauke da shi ya wuce abin da ke cikin kwano.

Wani ɗan'uwa ya ce mu ce girke-girke. Kalma ce mai kyau, amma tana tsayawa ne a murhu. Shirin girke-girke koya maka yake yi ka zuba kaza, ka soya kaza. Fura da nono fa, da kilishi, da zogalen da aka kwaɗa?

Wadda ta fi samun magoya baya ita ce abincin gargajiya, kuma da ita na fi jayayya. Hajiya, na ji hujjarki, cewa ita kunne ya saba da ita a rediyo, kuma gaskiya ne. Amma da an ce gargajiya sai hankali ya tafi ga abin da aka gada kaka da kakanni, abin da ake fitowa da shi ranar baje kolin al'adu a jera cikin akushi. Roti canai, wainar fulawar da 'yan Malesiya suke karyawa da ita, Indiyawa ne suka zo da ita, yau kuwa ba mai raba ta da ƙasar. Mu ma duba awara: waken suya ne, asalinta can gabashin Asiya, a Malesiya tauhu ake kiranta. Kakanninmu ba su san ta ba, amma wace unguwa ce a Sakkwato ba a soya ta da yamma? Barkono da gyaɗa da masara da rogo duk daga nahiyar Amurka suka ƙetaro. In muka ce gargajiya, ina za mu ja layin?

Amsar a gida na same ta. Muna cikin wannan muhawara a tsakar gida, Inna tana gefe tana gyaran sure, ba ta ce uffan ba. Can ta ɗago ta ce, "Wai mutanen nan da ka zamna cikinsu, mi ac cimassu?" Na ce shinkafa, Inna, safe da rana da dare. Ta ce, "To kowa da cimatai. Mu tamu gero da dawa." Ƙanwata ta dube ni, na dube ta.

Cima. Ba ƙirƙira ba ce, ba aro ba ce, tana nan a bakin tsofaffinmu. Abinci shi ne abin da ka ci yau. Cima ita ce abin da ku kuke ci, wanda aka san ku da shi. Shi ya sa ba ta cika tsayawa ita kaɗai ba, sai an jingina ta: cimar Sakkwatawa, a tuna hoce da ɓula da miyar sure, cimar Yarabawa, cimar Malesiya. Baƙon da ya sauka wani wuri ya fara cin abin da masu wurin suke ci kuwa, sai mu ce ya shiga cimar gari.

Allah shi gafarta Malam, na ga gyaranka guda biyu. Ka ce cima ta fi karkata ga abincin yau da kullum, tuwo da fura, ba ta kai ga na biki ba. Na yarda nan ta fi ƙarfi. Amma ita ma cuisine daga ɗakin girki ta faro kafin a faɗaɗa ta. In muka riƙa cewa alkaki da nakiya suna cikin cimar Hausawa, ba kunnen da zai ƙi. Na biyu, rubutu. Wannan kam sai mu kiyaye, don da yawa suna haɗe "cim ma" ta cim ma buri su rubuta ta kamar kalma ɗaya. Tamu "m" ɗaya gare ta, kuma mace ce: cimarmu, cimarsu.

Ƙanwata dai ta rubuta cimar Malesiya a takardarta. Abin da ya rage shi ne cimaka, da nake ji a bakin wasu. 'Yan'uwa na Illela da Ƙonni da Gusau, a wurinku cima da cimaka abu ɗaya ne, ko akwai inda suka rabu?