Neman shawara kan hayar ciki da falo a dogon bene a Dubai Marina

Sabon Baƙo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu aiki a wani kamfani da ke unguwar Jumeirah Lake Towers a Dubai, kuma takardar izinin zamana ta fito. A yanzu ina zaune a masaukin da kamfanin ya ba ni na ɗan lokaci, amma ina so in kama wurin kaina kafin maiɗakina ta iso daga Kano. Wani dillali ya nuna mini ciki da falo a hawa na arba'in da wani abu na wani dogon bene a Dubai Marina, mai wurin ninƙaya da ɗakin motsa jiki da masu gadi dare da rana, kuma ana hango teku daga baranda. Mai gidan yana neman dirhami 100,000 a shekara, a biya da caki huɗu. Albashina zai iya ɗaukar wannan, sai dai ina so waɗanda suka riga ni zama a garin su faɗa mini abin da ke biyo bayan wannan adadi, da kuma abin da ya kamata in duba kafin in sa hannu.

Alhajin Deira ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a sabon aikin, ƙanena. Kada ka yi lissafi da dirhami 100,000 kaɗai, domin ranar karɓar makulli ita ce ranar da aljihu ya fi jin jiki. Cakin farko zai ci 25,000. Mai gida zai karɓi kuɗin ajiya, wanda a al'adar garin kashi 5 cikin ɗari ne na hayar shekara idan gidan babu kaya, kashi 10 kuma idan da kujeru da gado, wato 5,000 ko 10,000. Dillali ma yakan karɓi la'adar kashi 5 cikin ɗari, tare da harajin da ke kanta. Hukumar wuta da ruwa ta DEWA ba za ta haɗa maka layi ba sai ka ajiye dirhami 2,000. Idan ka tara su, ka haura 37,000 tun ba ka kwana ko ɗaya a ɗakin ba.

Akwai kuma kuɗin da sababbin zuwa ba su cika sani ba, wato kashi 5 cikin ɗari na hayar shekara da hukumar birnin take karɓa daga baƙi 'yan haya. Ana raba shi gida goma sha biyu a ɗora a kan takardar DEWA, don haka kowane wata za ka ga ƙarin dirhami 400 da ɗoriya wanda ba na wuta ba ne, ba kuma na ruwa ba.

Maganar caki kuwa ka ɗauke ta da muhimmanci. Za ka rubuta duka huɗun tun ranar farko da kwanakinsu na gaba, mai gidan kuma zai kai kowanne banki idan ranarsa ta zo ba tare da ya tuntuɓe ka ba. Tun daga 2022 an sassauta hukuncin cakin da ya dawo babu kuɗi, amma har yanzu mai gida yana iya kai shi kai tsaye kotun zartarwa. Ka rubuta cakin da sunan wanda ke kan takardar mallakar gidan, bayan ka ga takardar da idonka, kuma ka nemi dillalin ya nuna maka katinsa na hukumar RERA, mai kula da harkar gidaje da dillalansu.

Malama Mai Lissafi ta amsa:

Abin da Alhaji ya faɗa daidai ne, amma ya tsallake tambayar da ni a ganina ta fi kowace nauyi a irin waɗannan benaye: wa ke biyan kuɗin sanyi? Yawancin dogayen gine-ginen ba su da na'urar sanyaya ɗaki irin wadda muke maƙalawa a bango a gida. Ruwan sanyi ne ake turowa ta bututu, ko dai daga injinan ginin kansa ko daga wani kamfanin da ke sanyaya unguwa guda, irin su Empower da Emicool. A wasu gidajen mai gida ne ke ɗauke da wannan kuɗi a cikin haya, a wasu kuma ɗan haya ne zai buɗe asusu da kamfanin, ya ba da wani kuɗin ajiyar, sannan ya riƙa biyan abu biyu: na abin da ya yi amfani da shi, da wani tsayayyen kuɗi da ba ya sauka ko da ya rufe ɗakin ya tafi hutu gida. A garin da zafin Yuli da Agusta yakan haura digiri 40, ga ɗaki mai bangon gilashi da rana ke duka tun daga azahar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gida mai hayar 105,000 da sanyi a ciki yana iya fin mai 100,000 sauƙi. Ka sa a rubuta amsar a cikin yarjejeniya, kada ka tsaya a kan maganar baki.

Sannan ka tabbatar an yi wa yarjejeniyar rajista a tsarin Ejari na hukumar filaye. Da wannan takarda ake buɗe DEWA, da ita za ka nemi bizar maiɗakinka, kuma da ita za ka tsaya gaban cibiyar warware rikicin haya idan saɓani ya taso. Dokar haya ta 2007, wadda aka gyara a 2008, ta ce duk wanda ke son sauya wani sharaɗi, har da ƙarin kuɗi, sai ya sanar da ɗayan kwana 90 kafin wa'adi ya cika, sai fa idan sun amince da wani abu daban. Ƙarin ma yana da iyaka bisa dokar 2013: idan hayarka ba ta gaza matsakaicin farashin irin gidan da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba, babu ƙari ko kaɗan, kuma mafi yawan abin da za a iya ƙarawa shi ne kashi 20. Idan mai gidan yana son ya fitar da kai don ya sayar ko ya zauna da kansa, sai ya ba ka sanarwar wata 12 a rubuce ta hanyar da doka ta tanada.

Ɗan Zinder ya amsa:

Ni dai ra'ayina ya ɗan bambanta, domin ban ga dalilin da mai aiki a Jumeirah Lake Towers zai biya tsadar Marina ba. Titin Sheikh Zayed ne kawai ya raba unguwannin biyu, akwai gadojin ƙafa a tashoshin jirgin ƙasa na cikin gari, kuma galibi haya ta fi sauƙi a ɓangaren da ofishinka yake. Tekun da ake hangowa kuwa, bayan wata guda labule za ka riƙa ja saboda rana.

Idan duk da haka ranka ya kwanta da benen, ka koma ka gan shi da safe lokacin fita aiki, ka tsaya ka ga tsawon jiran lif, domin gini mai ɗaruruwan gidaje da lif kaɗan yana cin lokaci kullum. Ka tambaya ko akwai wurin ajiye mota da aka ware wa ɗakin. Ka kuma tambayi masu kula da ginin irin rufin da ke jikin bangonsa na waje, saboda benen Torch da ke nan Marina ya kama da wuta a 2015 da kuma 2017, kuma irin wannan rufi ne aka yi ta magana a kansa bayan gobarar. Wanda ke hawa na arba'in da ƙafa zai sauko idan ƙararrawa ta buga, ya kamata ka yi wannan tunani tun da iyali na tafe.

Sabon Baƙo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambayi dillalin, ya ce kuɗin sanyi a kaina yake. Saura tambaya ɗaya: har yanzu ina cikin watannin gwaji a wurin aiki, to idan abin bai ɗore ba, zan iya fita kafin shekara ta cika?

Malama Mai Lissafi ta amsa:

Doka ba ta ba ɗan haya damar fita shi kaɗai kafin wa'adi ba, sai abin da yarjejeniya ta tanada ko abin da mai gida ya yarda da shi. Yawancin yarjejeniyoyi sukan sa tarar hayar wata biyu tare da sanarwa tun da wuri, idan kuma babu wannan sharaɗi a taka, mai gidan yana iya riƙe sauran cakunan da ke hannunsa. Tun da kana cikin gwaji, shawarata ita ce ka kama gida mai kaya na wata-wata har a tabbatar da kai, ko da ya fi tsada a kowane wata. Idan kuwa ka fi son wannan benen yanzu, ka sa a rubuta adadin tarar a fili, da kuma cewa za a mayar maka da cakunan da ranarsu ba ta zo ba a ranar da ka miƙa makulli.