Fankar shofaj ta 504 tana ƙone mini fuzibil, ina matsalar take?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin wutar mota ku taimaka. Peugeot 504 ce ta mahaifina, Allah ya jiƙan shi, ƙirar 1979, ita nake hawa yanzu kuma injinta lafiya lau ba ta taɓa bari na a hanya ba. To fankar shofaj (abin ɗumama cikin mota) ce ta dame ni, da farko sai na kai maɓallin ƙarshe sannan take juyawa, daga baya ta fara wani ƙugi kamar ana niƙa, yanzu kuma in na kunna ba ta minti biyu fuzibil ya ƙone. Na canza uku a sati ɗaya. Wani yaro a garaji ya naɗa mini zaren waya a wurin fuzibil ɗin ya ce shi kenan, amma jiya ina hanyar Mirriya na ji warin roba yana fitowa ta ƙarƙashin tablo (allon gaban direba) sai na kashe. Ina zuwa Tanut da asuba duk sati kuma kun san sanyin hanyar nan a watan Janairu.

Na Zongo:
Hhhh shofaj a Damagaram? Mutane na neman kilim kai kana neman zafi. Sayi bargo a kasuwar Dole ka huta yayana.

Baba Mai Wuta:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai je ka cire wayar nan da yaron ya naɗa, yau ba gobe ba. Fuzibil ba shi ne mai laifi ba, shi ne ke mutuwa don kada wayoyin su ɗau zafi, ka cire shi ka sa zaren waya to wayar cikin tablo ce za ta zama fuzibil ɗin, warin da ka ji ke nan, robarta ce ta fara narkewa. Na ga mota ta ci wuta a kan wannan da idona.

Abin da ka lissafa ciwo biyu ne ba ɗaya ba. Na farko, da ta koma sai a ƙarshen maɓalli take tashi, wannan rezistans ce ta mutu, ita ke rage wuta don fankar ta yi a hankali, a gudun ƙarshe kuwa wuta ba ta bi ta kanta shi ya sa wannan kaɗai ya rage maka. Na biyu shi ne ƙugin, kuma ni a nan nake zargin asalin abin. Motar da ta sha hunturu sama da shekara 40, ƙura ta shiga inda sandar injin fankar ke juyawa ta haɗu da tsohon mai ta zama kamar ƙullu, sai ta yi nauyi, in ta yi nauyi ta ja wuta fiye da ƙima, fuzibil ya tafi. Ita ce ma wataƙila ta gasa rezistans ɗin tun farko don iskar fankar ce ke sanyaya ta.

Gwajin ba wuya. Cire fish ɗin fankar (wurin da wayarta ke jone), sa fuzibil sabo daidai lambar da aka rubuta, buɗe kontak ka kunna maɓalli. In ya sake ƙonewa alhali fanka ba ta haɗe, to wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, sai a bi ta a nemo. In bai ƙone ba ka fiddo fankar ka juya ta da yatsa, mai lafiya in ka tura ta tana ci gaba da kanta ɗan lokaci, mai ciwo tana tsayawa nan take. Sannan ka ba ta wuta kai tsaye daga batir, volt 12 take so, amma ka sa fuzibil a kan wayar gwajin.

Direban Agadas:
Baba ya gama magana, ƙari ɗaya kawai, a duba mas, wato wayar da ke haɗa fanka da ƙarfen jikin mota. Tawa bashe haka ta wahalar da ni wata biyu, mun canza maɓalli mun canza komai ashe ƙusar da wayar mas ke ɗaure ce ta yi tsatsa, aka kankare da sanfefa aka ɗaure sai ga fanka kamar sabuwa. Kuma ka leƙa ƙarƙashin kapo ka ga ko tiyo biyun da ke kai ruwan zafi cikin ƙaramin radiyatar na shofaj suna nan, makanikan garin nan da yawa in ya fara yoyo sai su haɗe tiyon da juna su rabu da shi, ka sha wahala ka gyara fanka ta dinga huro maka iska mai sanyi.

Baba Mai Wuta:
Gaskiya ne batun tiyo. Amma mas mai tsatsa rage mata ƙarfi yake ko ya hana ta tashi, ba ya ƙone fuzibil, kada a haɗa mashi su ya rikice.

Ɗan Birni:
Baba Allah ya saka da alheri, na cire wayar tun daren jiya. Da safe na yi yadda kuka ce, da na cire fish fuzibil bai ƙone ba, na fiddo fankar wallahi da ƙyar take juyawa da hannu, ga ƙura ga ɓawon gujiya har da tsummokara, da alama ɓera ya taɓa zama a ciki. Na wanke da ɗan esans na ɗiga mai yanzu tana juyawa, sai dai da na buɗe bayanta sharbon ɗaya (ɗan gawayin da ke kai wa injin fankar wuta) ya cinye saura kaɗan. Tiyo suna nan yaya direba, na duba. Ana samun sharbon ɗinta a nan ko sai na aika Kano?

Baba Mai Wuta:
Ba sai Kano ba. Kai tsohon wurin masu gyaran dinamo da demarar, su nemo maka wanda ya ɗan fi shi girma a goge shi a kan sanfefa har ya shiga gidan shi yana zamewa ba tare da ya maƙale ba, ka canza duka biyun. Kuma kafin ka mayar da tablo ka nemo wayar da ta yi warin nan a yanke a sa sabuwa mai kauri ɗaya da ita, kada ka naɗe da salatif ka bar ta.